Dikin Pyo da Dattijo Tak

Mijina, Pyo Dal-su, kuku ne a jirgin kamun kifi, har ranar da iska ta taso aka kira kowa da kowa, har da shi, a taya jan raga. Igiya ta kama masa hannun hagu ta tafi da yatsu biyu. Jirgin ya sauke shi a Las Palmas, wani gari a tsibiran ƙasar Sifen, kamfani ya ba shi tikitin komawa Koriya, shi kuwa ya ce ba zai koma ƙauyensu da guntun hannu da aljihu wayam ba. Ya kama wani ɗan shago a bayan tashar jiragen ruwa, ya fara dafa wa 'yan ƙasarmu shinkafa da miyar kifi mai yaji. Ni na biyo shi daga baya, da 'yarmu Hye-ja a goye. A farkon shekarun 1970 ke nan.

A lokacin jiragen Koriya sun cika tashar. Maza ne zalla, su yi wata da watanni a teku, su sauko su sha giya, su yi faɗa, su koma. Ba mai maganar coci. Abin da ya kawo maganar shi ne mutuwar Sang-te, wani magidanci da ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a tsakiyar teku. A ɗakin ƙanƙara aka dawo da shi, gefen kifi. Matarsa ta aiko daga gida cewa ita Kirista ce, don Allah kada a binne mata miji ba addu'a. Kyaftin ɗin jirginsu ya yi ta cigiya, ba a sami wanda ya iya ba. Sai Dal-su ya ce kakarsa takan ja shi coci yana ƙarami, ya riƙe Addu'ar Ubangiji da wata waƙa guda, ita ma baitin farko kawai.

Ya tsaya a bakin kabari da kwat ɗin aro, ya yi addu'ar, ya yi ta maimaita baitin don kada a ce ya gajarta. Da aka dawo shagonmu cin abinci, Tsoho Yom, mai gyaran injin jirgi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ajiye cokali ya ce, "Dal-su, sake rera mana abin nan. Muryar ba daɗi, amma ta shige ni."

Lahadi ta zagayo suka dawo, suka ce a sake. Gaskiya don miya yawancinsu suke zuwa, amma sai an yi addu'a Dal-su ke buɗe tukunya. Wani kyaftin ya kawo Littafi Mai Tsarki daga birnin Busan, can gida Koriya. Mijina ya riƙa karantawa da yatsa a kan layi, yana tuntuɓe a kan sunaye, mutanen suna gyara masa duk da su ma ba su sani ba. Haka cocinmu ya fara.

Wata safiya ina wanke kabejin da muke jiƙawa da gishiri da yaji, wanda muke kira kimci, sai ga wani mutum ya faɗo shagon, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Sunansa Tak Man-ho. Shugaban ma'aikatan jirginsu ne ya yi masa wannan duka, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Jirgin zai tashi da yamma, shi kuwa ya ce gara ya faɗa ruwa da ya sake hawa. Dal-su bai yi masa tambaya ba. Ya kai shi ɗakin ajiya, ya zaunar da shi bayan buhunan shinkafa, ya tara wasu a gabansa. Da mutanen jirgin suka zo nema, ya tare ƙofa da wuƙar yankan kifi a hannu, ya ce abinci yake sayarwa, in ba ci za su yi ba su ba shi wuri.

Man-ho ya zauna da mu, yana wanke kwanuka, yana kwana a kan benci. Yaya yake ce wa mijina, ni kuma matar Yaya. Dal-su ne ya yi masa faɗi-tashin takardun zama, shi ya koya masa Addu'ar Ubangiji. Mutumin yana da kai. Kafin a ankara ya iya Sifaniyanci, abin da mijina bai taɓa iyawa ba sai na ciniki a kasuwar kifi. Ya fara kai wa jirage albasa da igiya da safar hannu a keke, daga nan ya sayi tsohuwar mota. Dal-su ya riƙa yin alfahari da shi a gaban kowa. "Ni na tsince shi," yakan ce.

Ranar da abin ya soma na san ta. Mura ta kama Dal-su, murya ta dishe, ya ce Man-ho ya yi addu'a a madadinsa. Man-ho ya miƙe ya fara da iyayenmu mata da ke jiranmu a gida, ya ambaci 'ya'yan da suka manta fuskar ubansu, ya ambaci waɗanda teku ta haɗiye ba kabari. Sai na ji shessheƙa. Ƙattin da ke fasa wa juna kai da kwalba suna share hawaye da hannun riga. Har Tsoho Yom ya fyace hanci. Mijina ya yi shekaru yana yi musu addu'a, ba wanda ya taɓa ko lumshe ido da kyau.

Da aka watse muna kwashe kwanuka, ya ce, "Addu'ar ta yi tsayi."

Na ce, "Ai ta yi kyau, Baban Hye-ja."

"Miya ta huce," in ji shi, ya jefa cokula cikin ruwa da ƙarfi.

Shekaru suka tafi, jama'a suka ƙaru. Kyaftin-kyaftin suka ɗauko matansu, masu koyar da wasan faɗa na taikwando suka zo, aka haifi yara. Ranar Lahadi har kan titi ake tsayawa. Man-ho ya je Koriya ya yi aure, ya dawo da mata mai kaɗa fiyano, ya kuma dawo da alkawarin cewa za a aiko mana da fasto na gaske. Fasto Gil ya iso, siririn mutum mai sanyin magana. Shi ya ce shago ya yi kaɗan, Man-ho ya samo wani gareji a kan tudu, aka koma can, aka rubuta Cocin Bakin Teku a ƙofa. Rana ɗaya aka naɗa Dal-su da Man-ho dikin, wato masu hidimar coci. Mijina ya yi murna da naɗin, amma a hanyar gida ya ce, "Ka ji fa. Rana ɗaya. Ni da wanda na koya wa Amin."

Abincin Lahadi bai bar hannunmu ba. Tun Asabar muke aiki, mu ɗora tukwane a mota mu hau tudu. Da gareji ya cika aka sayi wani tsohon gidan sinima, aka cire allon aka kafa gicciye, aka ware mana kicin a baya. Daga kicin ɗin muke jin wa'azi ta wata 'yar taga. Ni ma ba zan ce abin bai taɓa ni ba. Matar Man-ho, Maman Dong-u, tana zaune gaban fiyano da yatsu sumul, nawa kuwa gishirin kabeji ya tsattsage su. In ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, Yaya, kimcinki ya fi na Seoul," sai in ji kamar ta shafa kan yaro.

Fasto ya fara addu'ar asuba kullum, ya ba Man-ho makullin coci saboda gidansa ya fi kusa. Dal-su kuwa ya riƙa tashi da wuri ya taka da ƙafa ya hau tudu, ya zauna a kan matakala, don duk wanda ya zo ya tarar da shi. Man-ho ya iso da motarsa cike da mutanen da ya kwaso, ya ce, "Yaya, ka daɗe? Da ka bari na biyo na ɗauke ka."

"A'a, ƙafata lafiya lau. Ni na saba jiran manya."

Man-ho ya yanko masa makulli nasa. Mijina ya ƙi karɓa, ya ce ba shi fasto ya ba wa ba.

Da aka ce ikkilisiya ta isa ta zaɓi dattijonta na farko, muƙamin da ke gaba da dikin, ba mu yi shakka ba. Wa ya fara? Dal-su ya je wurin tela ya ɗinka kwat mai ruwan toka, ya sa aka rage tsawon hannun hagu yadda yake so. Ranar zaɓe ya bar mini kicin, ya zauna a layin gaba. Aka jefa ƙuri'a, Fasto Gil ya hau mumbari, ya gyara tabarau, ya ce wanda ya sami kashi biyu cikin uku shi ne Dikin Tak Man-ho. Aka tafa. Na leƙa ta taga na ga mijina shi ma yana tafi, a hankali, yana kallon takalminsa. Sannan ya taso ya shigo kicin, ya ɗaura ƙyallen aiki a kan sabuwar kwat, ya ɗauki ludayi.

Tsoho Yom ne ya fayyace masa da yamma, ba tare da an tambaye shi ba. "Matan kyaftin ba za su zaɓi mai warin tafarnuwa ba. Sauran kuma duk ka taɓa yi musu tsawa a kan ƙarin kifi. Ni dai na zaɓe ka, amma sai da na yi tunani."

Daga ranar kishin ya daina ɓuya. Kowa na cewa Dattijo Tak, shi kuwa daga wannan bango zuwa wancan zai ƙwala, "Kai, Man-ho!" In Man-ho ya miƙo kwano a layin abinci, sai ya zuba masa romo zalla, ya ce dattijai azumi ya fi dacewa da su. Man-ho ya saya wa coci sabbin kujeru, mijina ya ce suna sa barci. In muna addu'a gaba ɗaya da murya, yadda muka saba, sai mijina ya matsa kusa da Man-ho ya ɗaga tasa har jijiyar wuya ta fito. Ranar da aka ba shi addu'ar buɗe sujada ya ce, "Ya Ubangiji, kai ka san waɗanda suka shigo gidanka da ƙafa da waɗanda suka shigo da mota. Ka san wanda ya riga wani." Jama'a suka ce Amin a ɗarare. Man-ho ne ya fi kowa ɗaga murya da Amin ɗin, abin da ya hana mijina cin abincin rana.

A gida ba shi da hira sai ta Man-ho. Ya sake mota. An gan shi da jakada. Ɗansa zai tafi jami'a a Madrid. Na ce masa, "Baban Hye-ja, mutumin nan bai taɓa yi maka laifi ba."

Ya ce, "Na sani. Da ya yi, ai da na huta."

Aka zo bikin cikar coci shekara ashirin. Baƙi suka zo daga Koriya da Madrid, mata suka sa kayan gida masu launi, yara suka yi waƙa. Mun kwana biyu muna girki. Fasto Gil ya tashi ba da tarihin ikkilisiya, mu muna saurare ta taga. Ya ce da can akwai wasu ma'aikatan jirgi da kan taru nan da can su yi addu'a, amma aikin Ubangiji ya kafu ne ranar da Dattijo Tak ya buɗe ƙofar gareji a kan tudu. Ban ce da mugunta ya faɗa ba. Abin da ya gani da idonsa ke nan.

"Nan da can," in ji Dal-su. Ya sake cewa, "Nan da can."

Kafin in riƙe shi ya tura ƙofa ya fita, ludayi a hannu, ya bi tsakiyar kujeru har gaban mumbari.

"Fasto, a gafarce ni. In daga gareji za a ƙirga, ai ba a kai ashirin ba, a mayar da abincin. Nan da can ɗin nan yana da suna, shagona ne. Dattijon naku kuma, ku tambaye shi inda na samo shi. Daga jirgi ya gudo, yana kuka da majina, na cusa shi bayan buhun shinkafa. Har wandonsa ya jiƙa ranar. Ni na wanke."

Maman Dong-u ta rufe baki da hannu. Baƙi suka sunkuyar da kai. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Man-ho ya taso daga kujerarsa ta kusa da fasto. Na ɗauka fita zai yi. Sai ya sauko, ya tsaya gaban mijina, ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa iyaye ranar sabuwar shekara. Ya ɗago da hawaye ya ce, "Duk abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, har wandon. Ba don shi ba da kifi ya cinye ni tuni. Ni ya kamata in faɗi wannan tun kafin yau. Ku yafe mini."

Sai kuka ya ɓarke. Wani baƙo da ya zo daga Seoul ya miƙe yana tafi, kowa ya bi. Na ji wata mata a bayana tana cewa, "Kin ga dattijo na gaske. Irin wannan tawali'u!" Aka yi ta rungumar Man-ho. Mijina na tsaye a tsakiya da ludayinsa, ba wanda ya san abin da zai yi da shi.

A mota ya ce, "Kin gani? Ko tonon asirin da na yi masa, sai da ya ci riba a kai."

Lahadi ta gaba bai ɗora tukunya a mota ba. Ya ture teburan shago gefe, ya jera kujeru, ya ce nan aka fara, nan za a ci gaba. Tsoho Yom ya zo da wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi, ya ce shi duk inda miya take nan cocinsa yake. Ni na zauna da mijina. Hye-ja ce ta fito da rigar mawaƙa a hannu. Ta zama budurwa a lokacin, ita ke jan waƙa a can.

"Ina za ki?"

"Coci, Baba."

"Ga coci nan."

"Baba, nan shago ne. Ni a can na girma. Kuma abin da ka yi wa Dattijo Tak bai dace ba."

Dattijo Tak ɗin nan a bakin 'yarsa ya fi komai yi masa ciwo. Ya juya mata baya yana goge teburin da ya riga ya goge.

Man-ho ya zo ba sau ɗaya ba, da kwalin 'ya'yan itace daga Koriya. Dal-su ya ce in gaya masa ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga kicin. Bayan ya tafi sai ya fito ya feɗe ɗaya ya ci, ya ce ba zaƙi.

A shekarun nan ma'aikatan jirage sun canza. 'Yan Koriya sun daina son aikin teku, kamfanoni suka koma ɗaukar mutanen Indonesiya da Filifin da Ghana, da 'yan uwanmu 'yan asalin Koriya da ke zaune a ƙasar Sin. Su suka fara shigowa shagon ranar Lahadi, a ɗarare da farko, daga baya da abokansu. Wasu Kiristoci ne, wasu ba su ba, Dal-su ba ya tambaya. Ya yi wa'azinsa da Koriyanci da hannu, wani ya juya wa wani, a rera waƙa kowa da harshensa, a ci abinci. Kafin shekara ta zagayo mun koma tsayuwa a kan titi. Can sinima kuwa kujeru suka fara yin fili, don iyalai suna ta komawa gida. Mijina ya yi ƙiba a lokacin. In Hye-ja ta dawo sai ya ce, kamar ba da gangan ba, "Layin baya ya cika yau?" In ta ce a'a, sai ya ce, "Allah sarki," yana ɓoye murmushi.

Wata Lahadi ya fita zubar da shara da safe, ya hango farar motar kamfanin Man-ho ta tsaya a kwanar titi, nesa da ƙofarmu. Direba ya buɗe, ma'aikatan jirgi suka sauko, ya nuna musu shagonmu da hannu, ya ja mota ya tafi. Dal-su ya tsare ɗaya daga cikinsu, ɗan Ghana mai jin ɗan Koriyanci. Mutumin ya ce ai kowa ya sani, duk jirgin da Mista Tak ya kai wa kaya sai ya ce wa ma'aikata su je gidan Pyo ranar Lahadi, mota kyauta.

Ya yi sujadar ranar kamar wanda aka zare wa laka. Washegari ya ce in raka shi, don kada ya yi abin da zai kai shi hannun 'yan sanda. Muka sami Man-ho a ɗakin ajiyar kayansa, tsakanin igiyoyi da buhunan albasa.

"Har mutanena ma kai ka ba ni?" in ji Dal-su. "Wa ya roƙe ka?"

"Yaya, yunwa suke ji, kai kuma ka iya ciyar da su. Mu a can ba mu iya ba. Matan kyaftin ba sa son zama kusa da su."

"Ka daina."

Ban taɓa ganin Man-ho ya yi fushi ba sai ranar. Ya jefar da abin da ke hannunsa ya ce, "To me kake so in yi? In na zo ka ɓuya. In na taimaka ka zage ni. Na durƙusa maka a gaban duniya, ka ce wayo ne. Tun ina wanke maka kwanuka nake jiran ranar da za ka ce, Man-ho, ka yi ƙoƙari. Sau ɗaya tak!"

Mijina ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Shi ne abin da ke damuna."

Ya juya muka fito. Motar ba ta daina kawo mutane ba, shi ma bai sake maganar ba.

Da jirage suka ƙara raguwa, kasuwar Man-ho ta yi sanyi, ya sayar da komai ya ce zai koma Busan. Aka yi masa liyafar ban kwana, Dal-su ya ce bayansa na ciwo. Ni na je. Man-ho ya riƙa duban ƙofa har aka tashi.

Bayan tafiyarsa Fasto Gil, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, ya sauko daga tudu ya zauna a shagonmu, ya ci abinci, ya ba mijina haƙuri a kan maganar nan da can. Ya ce sinima ta yi musu yawa, shago ya yi mana kaɗan, a haɗe. Aka haɗe a sinima. Sujadar safe da Koriyanci, ta rana ta ma'aikatan jirgi, kujerun suka sake cika da baƙaƙe da farare. A shekarar aka zaɓi Dal-su dattijo, ba wanda ya ja. Ya sa tsohuwar kwat ɗinsa aka ɗora masa hannu a ka, aka yi masa addu'ar naɗi. Da muka dawo gida tambayar da ya yi mini ita ce, "An gaya wa Man-ho?"

Na ɗauka zai huta ke nan. Sai ya lafe. Ya rage cin abinci, ya bar wa matasa girki, addu'arsa ta koma gajera ba gishiri. Ya zauna a ƙofar shago yana kallon tasha. Likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Tsoho Yom, da ke dogara sanda a lokacin, ya ce, "Ba likita yake buƙata ba. A nemo masa wanda zai tsana."

Ana haka wani kyaftin ya iso daga Busan, yana cin abinci ya ce, "Kun ji labarin Dattijo Tak? Ya shiga makarantar tauhidi. Da furfurarsa yake zama cikin yara. Wai fasto zai zama."

Dal-su ya gyara zama. "Fasto? Man-ho?"

"An ce yana ƙoƙari sosai."

Kafin mako ya ƙare mijina ya sa Fasto Gil ya nemo masa makarantar da ake karatu ta gidan waya. Mutumin da firamare kawai ya gama, ya haura saba'in, ya sayi tabarau mai kauri ya baje littattafai a teburin shago. In idonsa ya gaji ni nake karanta masa. Cin abincinsa ya dawo, tsawarsa ta dawo. Jarrabawar farko ya faɗi, ya ce malaman ba su iya tambaya ba, ya sake. Duk jirgin da ya zo daga Busan sai ya aika a tambayo masa ko Man-ho ya gama.

Wata rana amsar ta zo daban. Ciwon suga ya taɓa wa Man-ho ido, ya ajiye karatu, yana gida ba ya fita. Na zaci mijina zai ce Allah sarki irin na da. Bai ce ba. Ya rufe littafinsa, ya yi kwanaki bai buɗe ba. Sannan wata safiya ya ce Hye-ja ta nemo masa lambar, ya ɗauki waya da kansa.

"Kai, Man-ho! Ni ne. Aka ce ka ajiye karatu?" Ya saurara. "Ido? Matarka ba ta da ido ne? Ta karanta maka mana, fiyano kawai ta iya? Ka koma. In ka bari, ni da wa zan yi?"

Na ji muryar Man-ho daga nesa, ban san ko dariya yake ko kuka ba.

Ya koma. Har yanzu ba wanda ya gama a cikinsu. Duk ƙarshen zango sai waya ta yi ƙara, su gaya wa juna sakamako, su yi musu. Na baya-bayan nan mijina ya ajiye wayar fuska a murtuke, ya ce Man-ho ya fi shi a darasin annabawa.

"Ƙarya ce," in ji shi. "Matarsa ke rubuta masa. Maman Hye-ja, ɗauko littafin nan, daga Annabi Irmiya za mu sake."